Taya Ba Ta Cin Ƙosai

"…lahiya lau, tsoho. Ina gajiya? Ko da dai mai zaman banza ina yag ga gajiya?"

Lailatu ce ta dire kasko da ƙwaryar ƙullu a gaban kakanta Ɗangoma, yana tufkar igiya a bakin lungun da mutanen ƙauye ke bi da ƙafa su shiga kasuwar Filinge. Kasuwa biyu ke nan tana suyar ƙosai a bakin kwalta, tana komowa da shi gida a sandare. Uwarta ta rantse in yau ma haka ne, to ta karɓe kaskonta. Abin na damun yarinyar, amma ta gwammace ta haɗiye barkono da ta nuna wa tsohon nan.

"Amaryata! An koro ki daga birnin motoci?"

"Wa ak amaryakka? Haƙori biyu baki, su ma ba su ga maciji da juna."

"Biyun sun isa ƙosanki, in ba dutse kinka soya ba. An ce na jiya har kare ya shinshina ya yi ma gidanku ta'aziyya."

"Ƙarya hure takai, ba ta ɗiya! Wurin ne dai ba shi da albarka. Motoci sun hi tururuwa yawa, amma ba mai tsayawa."

"Yo taya na da baki? Mai mota iska shika sha, shi bar maki hayaƙi. Ciniki ƙahwa shika bi, ɗiyan nan. Mai ƙahwa ka jin ƙamshi, shi tsaya, shi yi gardama, shi saye."

Ta dubi rairayin lungun. Sawu ne a kan sawu, na mutanen Sanam da Tondikandiya, ko wurin ajiye allura babu. Abin da ya kawo ta ke nan, kuma tsohon ya sani sarai.

"To tashi ka ba ni wurin. Mi kaka saidawa nan, ban da gyangyaɗi?"

"Ke! Jama'ag ga duka ni suka zuwa gani. In nit tashi, kasuwa ta watse."

"Tsakanina da Allah, akuyar da tash shige yanzu ma ba ta gaishe ka ba."

"Surukata ce, kunya taka ji."

Dariya ta kubce mata, sai kuma idonta ya faɗa kan ƙullun. Rana ta fara zafi, ya kusa tsami.

"Kaka," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "inna za ta amshe kaskon."

Ɗangoma ya ajiye igiya. Ya ja tabarmarsa gefe yana nishin ƙarya, sai ga duwatsu uku baƙi ƙirin a ƙarƙashinta, tsohon murhu ne.

"Nan kakakki Tanne ta yi suya tun ba a haihi uwakki ba. Tun da tar rasu nika tsaron wurin, kada wani shi ɗora tebur."

Lailatu ta shafa ɗaya daga cikin duwatsun, ƙwalla na neman ba ta kunya.

"Kuma ki kula da masu wucewa," in ji shi. "Ni ma wucewa nikai, zan kai rago kasuwa. Ƙamshi yat tsai da ni, har yau ban ƙarasa ba."

"Wayyo kakata! Ashe ta taɓa mummunan ciniki."

Tsohon ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. Ya miƙa mata ashana.

"Na sallama, ja'ira. Hura wuta, ga mutanen Damana nan tahe."