An Kwance Igiyar Merv

Jama'a, ranar Asabar da mazaunaina na sauko daga dutse. Wanki uku na yi wa wandona, har yau jar laka ba ta fita ba.

Hanyar hawa dutsen gandun dajinmu ba ta kai kilomita ɗaya ba, amma a tsaye take kamar tsani, ga saiwoyi, ga santsi, ga matsattsaku. A inda ta fi tsauri akwai igiyar kamawa. Maƙwabcina Merv Pascoe ne ya ɗaura ta shekara ashirin da suka wuce, kuma duk shekara sai ya sabunta ta. Shekarunsa saba'in da huɗu. Tun da aka yi masa aikin zuciya likita ya ce ya riƙa motsa jiki, shi ya sa duk Asabar nake raka shi.

Muka isa wurin, babu igiya. Sai wani sabon allo mai sheƙi: HATTARA, AKWAI SANTSI.

Merv ya ce, "Kai maƙwabci, ashe akwai santsi! Shekara ashirin ba wanda ya gaya mini."

Sai ga Tahlia, ma'aikaciyar gandun, tana saukowa tana dafa bishiyoyi. Merv ya ce, "'Yata, ina igiyata?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba Merv, ni aka sa na kwance ta. Daga birni aka aiko. Wai ba ta da takardar shaidar inganci."

"Ta taɓa tsinkewa?"

"Ko sau ɗaya. Amma sun ce in mutum ya kama igiya ya faɗi, laifinsu ne. In babu igiya ya faɗi, laifinsa ne, tunda an rubuta masa."

Kun ji basira! Ranka ya daɗe, Mai Girma Sarkin Kare Lafiyarmu Daga Bene Hawa Na Sha Biyu, mun gode. Mutumin da dutsen da ya fi sani shi ne hoton bangon ofishinsa, ya gano cewa igiya ce ke kayar da mutane.

Na ce mu koma. Merv ya ce ba allon da zai kore shi daga dutsensa. Muka hau da rarrafe, muka ci burodi da cuku a sama, ruwa ya tsuge. A saukowa ƙafarsa ta zame, ya kai hannu inda ya saba kaiwa, ya damƙi iska. Na ji ƙarar ƙashin wuyan hannunsa. Na yi wuf in tare shi, ni ma na bi sahu.

Tahlia ta jiyo ihunmu ta zo, ni da ita muka sauko da shi. Da matarsa Noeleen ta gan shi da filastar karaya a hannu, ta ce shi da dutse sai a hoto. Yanzu zagayen filin ƙwallo yake yi, ba ya kula kowa.

Gaskiya ɗaya zan faɗa: da nake gangarawa, ƙarfen allon nan na cafka na tsaya. Siminti suka zuba masa, ko motsi bai yi ba. Don haka na rubuta wa Mai Girma takarda, na roƙe shi ƙarin alluna arba'in, taku biyu biyu tsakaninsu. Ya rubuta duk abin da ya ga dama a kansu.