Ranar Da Gemuna Ya Yi Haske

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da gemuna ya tona min asiri a gaban baƙuwa ba, ina da shekara hamsin da biyu a duniya, wata bakwai a ajin yaƙi da jahilci.

'Yata Hajara tana shekarar ƙarshe a jami'a. Aikin kammala karatunta shi ne ta dafa ɓawon gyaɗa a wata tukunyar ƙarfe a makarantarsu, ta tace ruwan. A cewarta akwai ƙwayoyin gawayi a ciki da ido ba ya gani. In an haska su da wata tocila ta musamman sai su ba da shuɗin haske, in kuma an ɗiga musu ruwa mai ƙarfe sai hasken ya dushe, a gane halin da rijiya take ciki. Mako uku ta yi kafin ta samu kwalba ɗaya mai kyau. Ranar ce malamarta, wata Dakta, za ta zo gidanmu a Gumel ta ga gwajin da ruwan rijiyar garin Ɗanzomo, ta ba ta maki. (Bayanin na sha shi, amma kwalbar ban taɓa gani ba.)

Ni kuma Litinin nake da jarrabawar karatu, maiɗakina ta ce za ta karɓo min rubutu wajen Malam. Da safiyar Asabar ɗin na ga kwalba a kan taga, launinta sak rubutu. Na yi bismilla na kurɓa. Ƙauri-ƙauri. Sai na lura da takarda manne a jiki, na bi da yatsa: KARASHA. Malamin ajinmu ya taɓa cewa yaran yanzu ba sa yi wa ƙ lanƙwasa. Ƙara sha ke nan! Na ji daɗin na karanta da kaina, na ƙara har na shanye, wani ya zubo min a gemu da ƙirjin riga.

Ina goge baki maiɗakina ta shigo da kwano a rufe, ta ce ga rubutun.

Na sake duba takardar. Kar a sha.

Abin da ya kamata shi ne in kira Hajara. Abin da na yi shi ne na cika kwalbar da shayi ba madara na mayar. (Kunya ba ta ba mutum shawara mai kyau.)

Da hantsi Dakta ta iso. Aka rufe taga, aka saki labule, Hajara ta haska kwalbar. Babu komai. Ta girgiza ta sake haskawa, ko ƙyalli babu. Dakta ta tambaye ta a hankali ko ta tabbata ita ta haɗa abin nan da kanta. Yarinyar ta shiga rantsuwa ita ta haɗa. Na yi gyaran murya na matso, Hajara kuma ta juyo da tocilar a hannu.

Gemuna ya kama shuɗi tar, ƙirjin rigata ma haka.

"Baba," ta ce, "me ka yi?"

"Na karanta ne, 'yar nan."

Da na faɗi yadda na shanye kwalbar, Dakta ta fara tambayar ko cikina na ciwo. Da ta ji ɓawon gyaɗa ne da ruwa zalla, sai ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta ce wa Hajara ai ga abin gwajinta a tsaye. Aka ɗiga ruwan Ɗanzomo a kan tabon rigata, hasken wurin ya dushe muna kallo. Hajara ta samu makinta, ni na tsaya ƙiƙam kamar allon makaranta ana nuna ƙirjina da biro.

Jarrabawar Litinin na ci ta. Amma tun daga ranar, in na ga rubutu ba tazara, sai na nemi wanda ya rubuta kafin in buɗe baki.