Birkin Gide a Ƙarƙashin Tukunyar Hajiya

"An tashi lahiya, Hajiya? Ya gajiyar kasuwa?"

"Gajiya tana wurin masu tafiya da ƙafa. Kai da motarka ke tafiya da baya, ina ruwanka da ita?"

Idon Gide ya riga ya sauka kan abin da ya kawo shi gidan kakarsa. Ga kwanon birkin motarsa nan a tsakar gida, cike da garwashi, an ɗora masa tukunyar koko. Ɗayan kuma yana gindin rumbu, kaji na shan ruwa a ciki.

A shekarun nan da kuɗin man fetur suka cika ƙasa, Gide ya sayi a-kori-kura yana jigilar kayan manoma daga Sheme. Wani bakanike mai suna Harisu ya zuga shi ya cire birkin baya, irin mai kama da kwano, ya sa mai faifai da aka ciro daga wata ƙaramar mota da ta yi hatsari. Gide ya yarda, ya watsar da tsofaffin kwanonin biyu a bola. Sai ga shi sabon ba ya riƙe mota in an yi lodi. Jiya a wata gangara kusa da Mabai ta sulale da baya har cikin dangar mutane. Yanzu masu auduga sun rantse ba za su ɗora masa ko buhu ɗaya ba sai ya mayar da na da, ga kuma kasuwa gobe.

Ransa ya ɓaci. Ya ce mata wannan ƙarfe daga ƙasar Turawa ya ƙetaro teku, ba don dama koko aka ƙera shi ba.

"A bola na tsince shi," in ji Hajiya. "In Turawan na so, su zo Sheme su amsa."

"Tsohuwa, sata ce wannan. Ni sakinki ma zan yi, in auro 'yar Ƙanƙara mai haƙora."

"Wace za ta auri mijin da in ya nufi gabas sai a tsince shi yamma? Ni ma haƙuri nike da kai."

Ya yi barazanar kai ta wurin alƙali. Ta ce ta yarda, amma a jaki za ta je, don tana son ta isa da ranta. Ya ce kajinta ma sun fi ta sanin darajar ƙarfe. Ta ce ai shi ya sa suka riƙe abin da shi ya yar.

Daga nan fuskarta ta canza, ta ajiye ludayi. Ashe fushinta ya fi nasa. Shekaranjiya tana dawowa daga kasuwa da ƙullin gero a ka, rana tsaka, ya zo ya wuce ta fuu, tana ɗaga masa hannu a gaban matan unguwa. Har yau ana yi mata dariya a bakin rijiya.

Gide ya sosa ƙeya. Ya gan ta sarai ranar. Ya taka birki tun daga nesa, motar ba ta tsaya ba sai bayan makaranta, kunya kuma ta hana shi dawowa. Haka ya faɗa mata, murya ƙasa-ƙasa.



"Wato da ni ce a tsakiyar hanya, da yanzu ana sadakar ukuna?"

"Da mun sha gumba, mun huta da bakinki."

Ta ɗaga muciya, ya kauce. Sannan ta kafa sharaɗinta. Na kajin ya ɗauka yanzu. Na wutar kuwa sai koko ya dahu, kuma daga yau kujerar gaba tata ce duk ranar kasuwa, ko da hakimi ne ya riga ta shiga.

Ya ce in fasinjojinsa suka ji warin daddawa suka gudu fa? Ta ce su gudu. Ya duba rana, ya tuna audugar mutane, ya ce ya yarda.

"To, zauna," ta ce, ta miƙa masa mafici. "Hura wa birkinka wuta."

Gide ya tsuguna da sabuwar shaddarsa yana fifita garwashi. Hajiya ta yi dariya har da share hawaye, ta zuba masa kokon farko a babban ƙoƙo, ta ƙara masa sukari.