Ranar da Na Je a Tausa Mini Kai

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a unguwar Narayi ba. Batirin mota nake sayarwa a unguwar Television, shekara ashirin ke nan, kuma abin da ya riƙe ni a kasuwa shi ne ban yarda da kayan kyauta ba. Amma duk wayon nan nawa, bara aka sauke mini jabun batura cike da mota. Tun daga ranar, ko biro na yar sai na buga goshi na ce, "Jaki!" Jinina ya hau, har likita ya ce in ban sassauta ba, faɗuwa zan yi a shago.

Sai matata, Maman Joy, ta ce akwai wata tsohuwar nas, Sista Ladi, mai koyar da tausayin kai a wani aji kusa da coci, kuma kyauta. Ni kuwa tausar kai na ji (janareton maƙwabci na ƙara a lokacin, kada ku ga laifina da yawa). Na ce a raina, to, za a murza mana kai, a ƙarshe a tallata mana man shafawa. Har aski na yi, don in ga iyakar dabarar.

Muka zauna mu wajen goma sha biyu. Sista Ladi ta ajiye wata baƙar jaka a kan tebur, ta ce kowa ya rufe ido, ya ɗora hannu a ƙirji. Na rufe ido ɗaya, ɗayan na kan jakar.

Ta ce, "Ka tuna kuskuren da ke cin ka. Da amininka ne ya yi shi, me za ka ce masa?"

Na ce lallai matar nan ta iya talla. Da ta kai hannu ga jakar, na miƙe, na cire hula.

"Sista, mu 'yan kasuwa ne. Fito da man kawai, a tausa a tashi."

"Wane mai, Oga?"

"Na tausar kan."

Ta zuge jakar. Hankici ne a ciki, saboda masu kuka. Wani tsohon ma'aikacin masaƙa ya dubi ƙwalƙwal ɗin kaina, kafaɗunsa suka fara rawa don dariya. Maman Joy ta rufe fuska da gyale. Kafin in ankara, hannuna ya sauka a goshi.

"Jaki!"

Sista Ladi ta ce, "Da wa kake?"

"Da kaina."

"Da ni ce na kira ka haka fa?"

"Da sai an raba mu a caji ofis."

"To shi wannan da ke zagin ka safe da yamma, wa zai kai shi?"

Na zauna, na mayar da hulata.

Yanzu in na yi kuskure, nakan ɗora hannu a ƙirji in ce, "Sannu, ka yi ƙoƙari, gobe a gyara" (bayan na leƙa na tabbata babu kwastoma). Jinin ya fara sauka. Ashe duk shekarun nan ina gadin ƙofa kada a cuce ni, mai cutar yana cikin hulata.