Ranar Da Na Shanya Batir

Shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina lebura a gandun daji kusa da Kalgo, aka turo mana matashin jami'i da 'yar kwamfutar hannu wadda ba ta tsoron ruwa ko faɗuwa. Mu auna bishiya, shi ya danna awon a cikin kwamfutar. Mun kusa gama gandun.

Wata rana ya ce, "Baba, riƙe mini kwamfutar nan, zan gaida mai gari. Batirinta ya yi sanyi."

Ni za a gaya wa batir, ni da rediyona bai taɓa shiru ba? Na kwance bayanta da wuƙa, na zare baturan duka, har da ɗan ƙaramin nan mai kama da sisi, na shanya su a kan dutse, na zauna jiran godiya.

Da ya dawo ya mayar da su, ta kawo haske, amma awon duk ya goge.

"Baba, ina bishiyoyina?"

"Ga su can tsaye, yallaɓai."

Leburori suka yi ta dariya, sai da suka tuna daga farko za mu sake awo.

Har yau a kasuwar Gwandu, in rediyon wani ya mutu, sai ka ji ana tsokanata, "A kira Injiniya, rana ta fito!"