Yadda Na Gyara Hanyar Kwalbati da Biro

Ranar Talatar makon jiya matata ta ba ni biyu bisa goma. Da jan biro ta rubuta, ta zagaye shi, ta ƙara da "a ƙara ƙoƙari" daga ƙasa, a kan teburin cin abincinmu, a cikin gidan da ake cewa ni ne maigida. Shekarata ashirin da shida ina tuƙa motar raba burodi, ko kaza ban taɓa takawa ba. Ita kuwa Malama, malamar firamare ce, iyakar saninta da mota kujerar gefen direba da cewa "a hankali mana". Amma ita ce ta zauna ta auna ni a kan dokokin hanya, ta ce ban kai ba.

Bari in faro muku daga tushe. Lasina zai mutu ƙarshen watan nan, sai na je sabuntawa yadda na saba, riƙe da hotuna biyu da haƙurina. Mutumin taga bai ko kalli hotunan ba. Wani ɗan littafi ya turo mini ta ƙarƙashin gilashi, ya ce tsari ya canza. Mai Girma Uban Masu Sitiyari, Allah ya ƙara masa iskar taya, ya je taro wata ƙasa ya dawo da basira. Ya gano cewa abin da ke kashe mutane a hanya ba rami ba ne, ba duhu ba ne, ƙarancin Turanci ne. Saboda haka daga yanzu duk direban da ke son lasin sai ya zauna jarrabawar auna fahimta: a ba ka labari da Turanci a kan kiyaye haɗari, ka karanta, ka amsa tambaya goma. Sai ka ci bakwai za a buga maka hatimi.

Na ce, "Yallaɓai, ba za a ba ni mota in tuƙa a gani ba?"

Ya ce, "Wa zai yarda ya shiga mota da ku a hanyoyin nan? Na gaba."

Da na kai wa mai gidan burodinmu labari, bai ja zance ba. Ya ce ranar ɗaya ga wata, in babu lasin, in ajiye masa makulli a kan tebur, ba don ba ya ƙaunata ba. Shekarata hamsin da uku. Ban iya ɗinki ba, ban iya saye da sayarwa ba, sitiyarin nan shi ne abincin gidana. Na tsorata, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Turancina na ɗan sakandaren da bai ƙarasa ba ne. Ina karantawa, amma sai da yatsa a kan layi. Shi ya sa na sauke girman kai na miƙa wa Malama littafin. Wallahi tun da muka yi aure ban taɓa ganin fuskarta ta yi haske irin na ranar ba. Ta ɗauko tabarau, ta kori 'yarmu Auta daga kan tebur, ta ce in zauna sosai in daina jingina.

Labarin farko na wani direban kirki ne. Yana tashi da safe ya duba tayoyinsa, ya ɗaura bel, ya hau wani titi sumul mai farin layi a tsakiya. Danja ta ba shi ja ya tsaya, ta ba shi kore ya wuce. Ya iso inda aka yi zanen tsallakawa, ya jira wata tsohuwa ta haye, har ta ɗaga masa hannu. Na karanta sau biyu, na gane komai, na ce ashe ma abin ba wuya.

Tambaya ta ɗaya, me direba zai yi idan ya ga jar danja? Na rubuta cewa ya fara tambayar mai lemon da ke wurin ko tun yaushe take ja, don ta mahaɗarmu tun Auta tana rarrafe take nuna ja, yanzu kuwa tana aji uku. Ta biyu, a wane hannu ake tuƙi? Na ce hannun da babu rami. Aka ce wa ke fara wucewa a shataletale, na ce mai jiniya, sai mai tifa, sai sauran bayin Allah. Aka ce a ina mai tafiya a ƙasa zai tsallaka, na ce inda ya ga sarari, in yana da ƙafa. Biyun da na ci, ɗaya a kan bel ne, ɗayan kuma ta ce ta ba ni ne don rubutuna yana karantuwa.

Na ce, "Malama, nuna mini ƙarya guda a cikin abin da na rubuta."

Ta ce, "Babu, Baban Auta. Amma wa ya tambaye ka gaskiya? Dubi saman takardar. An ce ka amsa bisa ga abin da ke cikin labarin."

"To ai labarin bai taɓa bin hanyarmu ba."

"Ba ruwanka. In labari ya ce titi sumul ne, sumul ne. In ya ce raƙumi ne ke ba da hannu a mahaɗa, ka rubuta raƙumi. Abin da ka sani ka bar shi a ƙofa, in ka fito ka ɗauki abinka. Yara 'yan aji huɗu ma sun gane wannan."

Jama'a, a kan teburin nan na fahimci manyanmu. Na sha yi musu ƙorafi a wannan fili, yau ina neman afuwa. Ashe ba ƙarya suke yi ba, bayin Allah. Idan Mai Girma ya tsaya gaban lasifika ya ce an gyara tituna, an sa fitilu, jama'a suna cikin walwala, bisa ga labarin da aka rubuta masa yake amsawa. Ɗalibi ne mai ƙwazo. Mu ne dolaye da muke ta leƙa taga a lokacin jarrabawa.

Kwana shida muka yi muna fama. Kullum na dawo daga rabon burodi da la'asar, kafin in wanke hannu Malama ta buɗe littafi. Na koyi cewa akwai fitila a kowace kwana. Na koyi cewa in motarka ta lalace, wani jami'i mai fara'a zai zo cikin minti biyar ya tambaye ka ko kana lafiya. A wannan sai da dariya ta ƙwace mini, ta ce in na sake za ta rage mini maki. Daga biyu na koma biyar, daga biyar na kai tara. Har Auta ta fara gaishe ni da "sannu da karatu, Baba".

Maƙwabcina Dogo, direban tifa ne mai ɗibar yashi, shi ma lasinsa ƙarshen wata zai mutu. Ya yi shekara tara yana aiki da Turawan wani kamfanin gada, Turanci a bakinsa ba a magana. Na same shi a ƙofar gida yana wanke ƙafa, na ce ya zo Malama ta ɗan goge shi.

Ya ce, "Na-Burodi, ni za a koya wa Turanci? Ni da na yi faɗa da injiniya da Turanci har ya ba ni haƙuri?"

Na ce, "Ba Turancin ba ne, Dogo. Yadda ake amsawa ne. Abin da ke takarda za ka mayar musu."

Ya ce, "In sun tambaye ni hanya, hanya zan gaya musu. Wataƙila ma ba su sani ba ne. Wa ya taɓa tambayarmu kafin yau?"

Na ƙyale shi. Dogo in ya kafe ko tifarsa ba ta ja shi.

Ranar Litinin aka yi jarrabawa. An gina mata zaure na musamman, sabo fil, da na'urar sanyaya ɗaki takwas da wani ƙaton allo mai hoton Mai Girma yana murmushi sanye da hular kwano. Da simintin da aka zuba a harabar kaɗai da an toshe ramukan unguwarmu har a ba maƙwabta saura. Mu wajen ɗari uku aka jera a kan kujerun 'yan makaranta, manyan mutane masu tumbi, gwiwa tana dukan tebur. An ce ƙarfe tara, ba a fara ba sai sha ɗaya, don Mai Girma zai zo ya buɗe. Ya iso da mota goma sha ɗaya, da jiniya, ta hannun da ba nasa ba, saboda hannunsa ya cushe. Ya yi mana jawabin minti arba'in a kan haƙuri a bisa titi. Muka tafa, don an ce a tafa.

Aka raba takarda. Na ɗora yatsa a layin farko. Ba labarin direban kirki ba ne wannan karon. Labarin hanyar kwalbati ne, wadda ta tashi daga kasuwa ta wuce bayan asibiti, wadda nake bi sau huɗu a rana. Labarin ya ce an kammala gyaranta bara. Ya ce an shimfiɗa sabuwar kwalta, an kafa fitilu da alamomi, an sa shinge a bakin kwalbatin, direbobi suna ta godiya. Tambaya tara na farko na share su ba gardama. Ta goma ta ce: kawo dalilai uku da suka sa wannan hanya ta zama mai aminci ga direbobi, sannan ka rubuta cikakken sunanka ka sa hannu.

A nan biro ya tsaya. Daf da kwalbatin nan akwai wani rami da mutanen wurin suka dasa wa tsohuwar taya da reshen bishiya don a gane shi. Da daminar bara, ruwa ya rufe shi, wani mai babur da matarsa suka afka. Ni na kwashe su, na kwantar da su a bayan motata tsakanin farantan burodi, na kai su asibiti. Matar ta warke. Shi har yau da sanda yake tafiya, in ya hango motata sai ya ɗaga mini ita. Na zauna ina kallon layuka ukun nan da aka bar mini. Sai na tuna makulli a kan teburin mai gidan burodi, na sunkuya na rubuta: sabuwar kwalta, fitilu, shinge. Na sa hannu. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da na girma.

Da na ɗago, Dogo na can gaba ya ɗaga hannu yana neman ƙarin takarda. Sau biyu aka ƙara masa. Ya lissafa musu ramukan hanyar ɗaya bayan ɗaya, da zurfin kowanne, da wanda ke cin taya da wanda ke karya sifirin ɗin mota, har da shawarar irin dutsen da ya kamata a zuba.

Ranar Laraba aka kafe sakamako. Ni goma bisa goma. Malama ta yi ta kiran 'yan uwanta a waya tana ba su labari, ita ce ma ta fi ni cin jarrabawar. Dogo ya sami uku. An rubuta masa cewa bai fahimci labarin ba, ya dawo bayan wata shida. Kafin azahar mai tifar ya karɓe makulli ya ba wani direban.

Jiya da safe na rage masa hanya zuwa wurin ɗibar yashi, zai je ya ji ko za su ɗauke shi ƙirgar motoci kafin wata shidan su cika. Muna tafe, rediyo na yi. Sai ga muryar Mai Girma, cike da farin ciki. Ya ce masu sukar aikinsa su zo su ga hujja. An tambayi direbobi da kansu, mutanen da suka fi kowa sanin hanya, kuma kashi casa'in da takwas cikin ɗari sun tabbatar a rubuce, da sa hannunsu, cewa hanyar kwalbati ta gyaru. Saboda haka an cire ta daga jerin hanyoyin da za a yi wa aiki bana, a ba wasu masu bukata.

Daidai lokacin muka iso ramin. Na rage giya, na hau gefe, na lallaɓa na zagaye tayar da reshen, farantan burodi suna ta kaɗawa a baya. Dogo ya leƙa ta taga ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

Ya ce, "Na-Burodi, ashe kai ka gyara ta. Sannu da aiki."

Na sa giya muka wuce.

Saboda haka, mai karatu, in ka bi hanyar kwalbati da daminar nan, ka riƙe hannun hagu sosai in ka wuce bayan asibiti. In kuma tsautsayi ya sa ka afka, don Allah kada ka zagi Mai Girma, ba shi da laifi. Ni ka nema. Ni na rubuta cewa babu ramin, da hannuna, kuma ba a sami kuskure ko ɗaya a Turancina ba.