Ranar da Na Yi wa Surukina Wankan Siminti

Ko da tsufa zai sa in manta sunayen jikokina, ba zan manta da ranar da surukina ya zo Yendi duba ginina ba.

A lokacin matata Rabi tana gidansu a Salaga, ta tafi wankan haihuwar fari. Yaro har ya fara rarrafe, amma mahaifinta, Alhaji mai doya, ya ce ba za ta dawo ɗakin hayar da ke yoyo ba sai ya ga rufi a kan gidan da nake ta cika baki ina ginawa. (Gaskiyarsa ce. Na fi iya zancen gini a kan ginin kansa.) Ni kuwa kewarsu ta ishe ni, ga cin gari da suga kullum.

Sai na aro tsohuwar a-kori-kurar kawuna daga Bawku, wadda yake dakon awaki da ita. Yashi na ce masa zan kwasa. Amma da na ga yadda kwaɓa kankare da shebur ke karya baya, sai kaina ya kawo wuta. Na shiga ƙarƙashin motar na kwance furofela, wato dogon ƙarfen nan da ke kai juyin inji ga tayoyin baya, na sa mai walda ya ƙara masa bututu, na haɗa shi da wani duro a bayan motar. In na sa giyar gaba, duro ya kwaɓa. In na sa ribas, ya amayar. Na wucin gadi ne, in an gama in mayar. Maƙwabta suka koma kirana Masa Injiniya, wato Oga Injiniya, ni ko har tafiyata ta sauya.

An zuba rufi lafiya. Ranar da Alhaji zai zo, na gama ɗan dabe a ƙofar gida, na zuba ruwa a kan sauran kwaɓin da ke cikin duro don kada ya daskare, na lulluɓe shi da tamfol saboda kada a ga shirmena.

Ya iso cikin farar babbar riga, ya zaga ɗakuna, ya ƙwanƙwasa bango, ya ɗaga kai ya dubi rufi.

"To, madalla. Ka yi ƙoƙari. Rabi za ta dawo."

Murna ta kwashe mini hankali gaba ɗaya. Na ce, "Baba, ai ba za ka taka zuwa tasha ba, ga mota!"

Wurin da ɗan matsi, sai ya ce bari ya tsaya a baya ya duba mini hanya. Na tayar, na sa ribas. Mota ba ta motsa ba.

"Taho, taho!" in ji Alhaji.

Na ƙara taka totur da ƙarfi. Sai na ji tamfol ya yi fat-fat, na ji wani ɓulɓul, sannan maƙwabciyata ta kurma ihu: "Masa Injiniya, kashe motar! Ka gama tsoho!"

Na fito da gudu. Ga surukina tsaye, tun daga hula har takalmi launin toka, idanu kawai ke motsi. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa ina "Baba, ka yi haƙuri," a raina kuwa na riga na sallama Rabi sai yaro ya shiga makaranta.

Ya share baki, ya taka a hankali ta kan sabon daben, ya leƙa cikin duro, ya leƙa ƙarƙashin mota.

"Da wannan ka zuba rufin?"

"E, Baba."

Sai dariya ta ƙwace masa, har siminti na ɗiga daga gemu. "Rabi za ta dawo. Amma motar haya za su shigo. Kada in ga wannan abar a Salaga."

A jallabiyata ya koma gida, wadda ko gwiwarsa ba ta rufe sosai ba. Sawun takalminsa kuwa yana nan a ƙofar gidana, ya bushe ƙam, kuma Rabi ba ta barin baƙo ya wuce sai ta nuna masa.

Tun daga ranar, ko keke zan ja baya, sai na leƙa ƙarƙashinsa, na kuma tambayi inda surukina yake.